A Tambaye Mu Kafin a Ci Bashi da Sunanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani al'amari da jaridunmu na Hausa ba su cika ɗauka ba, alhali kuwa ya shafi aljihun kowannenmu, wato yadda manyan bankunan da ke ba da rancen raya ƙasa, musamman Bankin Duniya, suke tsara abin da za su yi a Najeriya, da kuma waɗanda ake tambaya kafin a tsara shi. Ni tsohon malamin gona ne, na yi shekara talatin da 'yan kai ina zagaya ƙauyuka a kan babur, kuma mafi yawan aikin da na yi a rayuwata da kuɗin rance aka yi shi, saboda haka abin da zan faɗa ba labarin kanzon kurege ba ne.

Jama'a da dama sun san sunayen shirye-shiryen da ake yi da rancen Bankin Duniya irin su Fadama da NG-CARES da AGILE da ACReSAL, domin suna ganinsu a rubuce a jikin alluna da ƙofofin motoci. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, waɗannan shirye-shirye suna da uwa. Duk bayan shekara huɗu zuwa shida, Bankin Duniya da Gwamnatin Tarayya, ta hannun Ma'aikatar Kuɗi, sukan rubuta wani kundi da za a iya kira Tsarin Haɗin Gwiwa da Ƙasa, wanda a cikinsa ake zayyana fannonin da za a zuba kuɗi da waɗanda za a bari. Tun daga 2014 bankin yake fara yin nazarin abin da ke hana ƙasa fita daga talauci, sannan a gina kundin a kan wannan nazari, a kuma sake duba shi idan an kai tsakiyar wa'adinsa. Kundin da shugabannin bankin suka amince da shi a Washinton a watan Disamba na 2020 ya shafi shekarun 2021 zuwa 2024, kuma ya tsaya a kan abubuwa huɗu: ilimi da lafiyar al'umma, samar da ayyukan yi da sauya fasalin tattalin arziki, ƙarfafa jama'a su iya jure bala'o'i da rikici, da gyaran aikin gwamnati. A daidai lokacin aka amince da rancen dala biliyan 1.5, rabi na NG-CARES, rabi na shirin gyaran harkar kuɗi a jihohi. Wanda bai sami bakin magana ba lokacin da ake rubuta wannan kundi, duk ƙorafin da zai yi bayan motoci sun iso ƙauyensu ihu ne bayan hari.

Domin a yi adalci, bankin bai ce kada a tambayi jama'a ba. Ƙa'idarsa ta tanadi a tuntuɓi waɗanda ake kira masu ruwa da tsaki, kuma ana yin tarukan, ana gayyatar jami'an gwamnati da 'yan kasuwa da malaman jami'a da ƙungiyoyin farar hula, sau da yawa ma ana buɗe hanyar aika ra'ayi ta intanet. Tun 2010 bankin ya buɗe mafi yawan takardunsa ga duk mai son karantawa, abin da gwamnatocinmu har yau suke jan ƙafa a kansa. Damuwata tana kan tambayoyi uku da na daɗe ina yi wa kaina: wane ne ake kira, a wane harshe ake magana da shi, kuma ina maganarsa take zuwa bayan an tashi taro.

Bari in ba da labarin wani taro da na halarta kafin in yi ritaya. Wata cibiyar ba da rance ta ƙasashen waje, wadda ba sai na ambaci sunanta ba, ta kira taron jin ra'ayi a wani otal da ke babban birnin wata jiha, aka ce mu zo da wakilan manoma. Na ɗauko mutum uku, ciki har da wani dattijo mai noman rani wanda ya san kwarin yankinsu kamar tafin hannunsa. Mun bar gida bayan sallar asuba, aka ce za a fara ƙarfe tara, ba a fara ba sai wajen sha ɗaya saboda ana jiran babban baƙo. Jawaban buɗe taro suka ci sa'a guda da rabi. Daga nan wani matashi mai ladabi ya haska rubutu a bango, shafi bayan shafi, duka da Turanci, dattijon nan yana zaune a gefena yana juya hularsa a gwiwa. Da aka ba da minti ashirin na tambayoyi, ya miƙe ya yi bayani da Hausa mai kyau, ya ce matsalarsu ba rashin injin ban-ruwa ba ce, domin kusan kowa yana da shi. Matsalar ita ce tumatir da albasarsu suna nuna a mako guda da na kowa, farashi ya faɗi warwas, hanyar da za ta kai su babban titi kuma gada ɗaya ce ta karye shekara huɗu da suka wuce. Mai fassara ya dunƙule wannan duka ya ce manomi yana godiya, kuma yana neman ƙarin tallafi. Aka tafa. Aka zagayo da takardar sa hannu, aka ba kowa ambulan na kuɗin mota, aka ɗauki hoto a bakin ƙofa. A hanyarmu ta komawa ya tambaye ni ko sun ji maganar gadar, na rasa amsar da zan ba shi. Bayan shekara biyu injunan ban-ruwa aka kawo.

Ba na zargin kowa da mugun nufi a wannan taro. Kowa ya yi abin da aka sa shi, kuma na tabbata a rahoton da aka rubuta an ce an tuntuɓi manoma, an kuma liƙa sunayenmu a ƙarshe a matsayin shaida. Abin da ya dame ni ke nan: sa hannun dattijon ya isa inda ake yanke hukunci, maganarsa kuwa a ɗakin taron ta kwana.

Wani zai ce ai kyauta ce, mai karɓar kyauta ba ya zaɓe. To, ba kyauta ba ce, bashi ne, ko da yake mai sauƙin ruwa ne kuma mai dogon wa'adi. Najeriya tana cikin ƙasashe uku da suka fi kowa cin bashi daga sashen bankin mai ba ƙasashe matalauta rance mai rangwame, tare da Bangaladash da Pakistan. Da dala ake ci, da dala ake biya, kuma abin da jiha ta ci ana cire shi ne daga kasonta na wata-wata tun kafin kuɗin su baro Abuja. Mutanen Kaduna sun ga wannan da idonsu. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan rancen dala miliyan 350 na jihar, har Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da shi a 2018 kafin daga baya ya wuce, sannan a watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya fito ya shaida wa jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587, kuma an cire naira biliyan 7 daga cikin biliyan 10 na kason jihar a wannan wata. Ba ina cewa rancen bai yi amfani ba, wannan muhawara ce ta daban. Abin lura shi ne, bashin da aka ci lokacin da dala ba ta kai naira 500 ba ana biyansa ne bayan ta haura naira 1,000, kuma malamin firamare da ke jiran albashi da majinyacin da ya je asibiti bai tarar da magani ba su ne suke biya. Wanda zai biya yana da haƙƙin a tambaye shi tun kafin a sa hannu.

Mu da muka manyanta muna da dalilin yin ɗari-ɗari da kalmar jin ra'ayin jama'a. A 1985, jim kaɗan bayan Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki, ya buɗe muhawara a faɗin ƙasa a kan ko a karɓi rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya ko a ƙi. Ban taɓa ganin tuntuɓa irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. An yi ta a rediyo da jaridu da jami'o'i da majalisun hira, 'yan ƙwadago da ɗalibai da 'yan kasuwa kowa ya tofa albarkacin bakinsa, mafi rinjaye suka ce ba su so. A watan Disamba gwamnati ta sanar cewa ta ji, ta fasa karɓar rancen, jama'a suka yi murna. Kafin tsakiyar 1986 ta wuce sai ga shirin sauya fasalin tattalin arziki da ake kira SAP, ɗauke da kusan duk sharuɗɗan da aka ce an ƙi, Bankin Duniya kuma yana mara masa baya da rance. Aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciki har da na auduga da gyaɗa, wanda mu mutanen ƙasar Funtuwa muka ji a jikinmu, har abin ya kai ga zanga-zangar 1989. An tambayi mutane, sun amsa, aka yi abin da aka riga aka ƙudura. Tun daga nan talakan ƙasar nan ya ɗauki taron jin ra'ayi a matsayin wasan kwaikwayo, kuma duk mai son ya canza wannan tunani sai ya yi aiki tuƙuru.

Akwai wani abu a tsarin bankin da ya kamata masu karatu su fahimta, domin shi ne ya sa nake nanata muhimmancin wancan babban kundi. Tun watan Oktoba na 2018 bankin yake aiki da ƙa'idoji goma na kare muhalli da al'umma, ta goman kuma ta wajabta wa mai cin bashi ya tuntuɓi mutanen da aiki zai shafa, ya kuma buɗe musu hanyar kai kuka. Amma waɗannan ƙa'idoji ayyukan da ake gani a ƙasa suka shafa, kamar hanya da makaranta da madatsar ruwa. Rancen da ake bai wa gwamnati kai tsaye domin ta aiwatar da sauye-sauyen manufofi ba ya ƙarƙashinsu. A nan gwamnati ce ake sa ran za ta yi shawara da jama'arta. Ga shi kuwa irin wannan rance ne ya fi shiga tukunyar talaka. Bankin ya yi shekaru yana ba da shawara a rahotanninsa cewa a cire tallafin man fetur a kuma daidaita farashin canji. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuni na 2024 kuma bankin ya amince da dala biliyan 2.25 domin dafa wa waɗannan sauye-sauye. Masana suna da hujjojinsu a kan cewa tallafin ya zama rami mai cinye kuɗin ƙasa, kuma ban raina hujjojin ba. Sai dai da an zauna da mai noman rani tun da wuri, da ya gaya musu cewa injin ban-ruwansa fetur yake sha, kuma ranar da lita ta ninka uku, tumatir da albasa da shinkafar rani su ma za su ninka, ko kuma a bar fadama ta bushe. Lokacin rubuta babban kundin shi ne kusan damar da ta rage wa mutum irinsa ya faɗi wannan kafin a yi.

Mun kuma san kuɗin da rashin tambaya yake ci. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara ba Bankin Duniya ne ya gina ta ba, amma darasinta na kowa ne. An karɓe gonaki, an jinkirta diyya, an hana mutane noma kaka bayan kaka ana gyaran fili, waɗanda ke ƙasan kogi kuma suka rasa ambaliyar da fadamunsu suka dogara da ita. Da manoma suka tare hanyoyi a watan Afrilu na 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma aka tura musu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Haka madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar ruwa a kwarin Haɗeja zuwa Nguru, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka shiga halin da ba a shawarce su a kansa ba. Shekaru da yawa bayan haka, a 2014, sai da aka ci rancen kusan dala miliyan 500 na shirin TRIMING domin gyara Bakolori da aikin ban-ruwa na Kogin Kano da na kwarin Haɗeja da wasunsu, kuma babban abin da shirin ya dogara a kansa shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, wato a miƙa wa manoma ragamar magudanan da iyayensu ba a tambaye su ba lokacin haƙa su.

Inda aka tambayi mutane da gaske kuwa, an ga bambanci. Abin da ya sa sunan Fadama ya zauna a bakin manoma, musamman kashi na biyu da na uku, shi ne an bar ƙungiyoyi su zauna su rubuta abin da suke buƙata, su sa nasu kason, su kuma sa ido a kan sayayya. Na ga ƙungiyar mata da ta ƙi injin niƙa ta ce injin matsar man gyaɗa take so, domin akwai injin niƙa biyu a garin, kuma shekaru bayan an rufe shirin injin nan yana aiki. An sami maguɗi a wasu wurare, an kafa ƙungiyoyin bogi, masu uwa a gindin murhu sun shigar da 'yan'uwansu, ba na musun wannan. Duk da haka mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma idan hakan ya tabbata a kan injin matsar mai, ban ga dalilin da zai sa a ce bai tabbata a kan tsarin shekara biyar na ƙasa baki ɗaya ba.

Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kusan kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. Ke nan mafi yawan waɗanda ake cin bashin da sunansu ba da Turanci suke tunani ba, kuma ba a shafin intanet suke samun labari ba. Taƙaita daftarin kundin a shafi huɗu ko biyar da Hausa, da boko da ajami, da Fulatanci da Barbarci, ba zai ci kuɗin taron otal guda ɗaya ba. Rediyo yana nan, daga gidan Rediyon Tarayya na Kaduna zuwa tashoshin jihohi da masu zaman kansu irin su Freedom a Kano, inda jama'a suka saba bugo waya suna faɗin albarkacin bakinsu. A sa jami'in banki da na Ma'aikatar Kuɗi su zauna sa'a guda suna amsa tambayoyi, za su ji abin da ba za su taɓa ji a Abuja ba. A kuma lura da lokaci, domin wanda ya kira taron manoma a tsakiyar damina ya riga ya zaɓi waɗanda ba sa noma. Matan da ke cikin gida ba za su zo otal ba, kuma ko sun zo ba za su yi magana a gaban hakimi ba, sai dai a tura musu mata 'yan'uwansu har gida ko makarantun Islamiyya. Makiyayi a ruga yake ko a kara ranar kasuwa. Mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato suna zaune a kangaye da gidajen 'yan'uwa a garuruwa, su ne suka fi kowa sanin abin da ake nufi da jure bala'i, kuma ban taɓa ganin an kira su irin wannan zama ba. Akwai ma tambayar da ke cikin zukatan Musulmi da yawa game da kuɗin ruwa, wadda ake kauce mata a taruka kamar ba a ji ba, alhali bayani a fili ya fi shiru.

Amma abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne amsa. Idan an tattara ra'ayoyi, a fito a ce ga abin da mutanen Haɗeja suka ce, ga wanda muka ɗauka, ga wanda muka bari, ga kuma dalili, a faɗe shi a harshen da aka yi tambayar da shi, a gidan rediyon da aka yi ta. Mutanenmu ba yara ba ne, sun san kuɗi ba sa isar kowace buƙata, kuma za su karɓi a'a idan ta zo da dalili. Da an dawo an ce wa dattijon nan gada ba ta cikin hurumin wannan shiri, ga ofishin da za ku bi, da ya san an ji shi, da kuma ya sake zuwa taro na gaba. Bai sake zuwa ba, ko da na je har gida na roƙe shi.

Kada kuma mu ɗora wa baƙo laifin da na 'yan gida ne. Banki ba ya ba da rance sai gwamnati ta nema, kuma doka ta ce sai Majalisar Tarayya ta amince da bashin waje, na jiha kuma sai ya bi ta majalisar dokokin jihar. Sau nawa muka ji majalisar wata jiha ta kira zaman sauraron jama'a kafin ta amince da rance? Galibi wasiƙar gwamna ake karantawa da safe, a amince kafin azahar. Najeriya tana da kujera a majalisar daraktocin bankin, wadda take rabawa da Angola da Afirka ta Kudu, saboda haka muna da wanda zai iya tambaya a Washinton ko an ji ta bakin talakawa kafin a kawo kundi. Akwai kuma kwamitin bincike mai zaman kansa da bankin ya kafa a 1993, wanda mutum biyu kacal da aikin bankin ya cutar za su iya rubuta masa ƙorafi, ko da da Hausa ne, ko da yake wannan magani ne bayan ciwo ya kama.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta ɗauki wannan a matsayin aikinta. Ka sa wakilinka na Abuja ya je ofishin bankin da Ma'aikatar Kuɗi ya nemi jerin garuruwan da aka yi tarukan tuntuɓa, da ƙungiyoyin da aka gayyata, da harshen da aka yi amfani da shi, da abin da aka sauya a daftari saboda maganar jama'a, ya kuma yi irin wannan tambaya ga Bankin Raya Afirka da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, tunda su ma suna da irin nasu kundin. Ka buga mana amsar yadda ta zo, sannan ka ware shafi na 'yan makonni inda manoma da malamai da mata masu sana'a za su aiko da abin da suke so a sa a gaba. Idan ka buɗe shafin, ni da ragowar tsofaffin abokan aikina za mu zagaya ƙauyukan da muka sani mu rubuto maka abin da aka gaya mana.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin gona,
Funtuwa, Jihar Katsina.